Kafin 'Yar Saura Ta Fara Ƙwai

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga Autarki, irin wadda da kina gida sai na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinki na yi ta, amma tun da nisa ya shiga tsakani, ga ta nan a takarda. Ina fata za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya da mijinta da tagwaye. Allah ya ƙara wa Yaya sauƙi, ya warkar da wurin aikin da aka yi mata, ya raya mana yaran nan. Ke kuma ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da kike ɓoyewa, don na ji yadda kika ja numfashi da za ki miƙe ranar da muke waya.

Mu nan lafiya lau muke. Baba yana zuwa shago kullum, agogunan gyara ba su yanke ba, yana shan maganinsa safe da yamma, ni nake ajiye masa kusa da kofin shayi don kada ya ce ya manta. Tarin da ya yi wancan watan ya tafi. Gwaggo tana leƙo mu, ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa yana nan yadda kika bar shi. Maganar aiki har yanzu shiru. Wurare goma sha huɗu na kai takarduna tun da sakamakonmu ya fito, biyu suka amsa, su ma cewa suka yi in saurara. Ina saurare.

Inna, yau Litinin, kwananki ɗari da goma sha takwas da tafiya. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in faɗa a waya saboda wayarmu ta ranar Lahadi a gaishe-gaishe take ƙarewa, kafin in tattaro abin da ke raina ɗaya daga cikin tagwaye ya fara kuka. Kuma akwai abin da na ɓoye miki. Sau biyu kika tambaye ni kaji, sau biyu na ce miki lafiyarsu ƙalau, alhali ba haka ba ne. 'Yar Saura ta yi ciwo har an wasa mata wuƙa. Kada gabanki ya faɗi, tana nan da ranta, yanzu haka ina jin ta tana tono a bayan taga. Amma ina so ki ji yadda aka yi daga farko, don laifin nawa ne.

Kin tuna safiyar da za ki tafi. Direba yana ta danna oda a waje, ke kuwa kin tsaya a tsakar gida da jaka a hannu kina kallon 'yar tsakuwar nan, ita kaɗai da shaho ya rage wa jar kaza cikin bakwai, shi ya sa muke ce mata 'Yar Saura. Kwananta arba'in da uku a lokacin. Na tambaye ki yaushe za ki dawo, kika nuna ta da haɓa kika ce kafin wannan ta fara ƙwai kina gida. Wataƙila ke faɗa kawai kika yi don in daina hawaye, ni kuwa a ranar na buɗe littafi. Na ga kajin gida irin namu suna fara ƙwai tsakanin mako ashirin da huɗu zuwa ashirin da takwas, na je kalandar falo na zagaye kwanakin da jan biro. Tun daga nan kallon agogo nake yi mata. Kullum da safe ita nake fara dubawa, in na ga ta ƙara girma sai in ji kamar motarku ta ƙara matsowa.

Saboda haka na tsare ta. Manyan kajin suna fita ta kafar ruwan nan ta gindin katanga su yi yawonsu a layi, su dawo da yamma buɗu-buɗu da ƙura, ita kuwa ban taɓa bari ta fita ba. Ina tsoron shaho, ina tsoron babura, ina tsoron karen masu gidan da ke kan kwanar layi. Da safe sai in kore manyan waje in toshe kafar da bulo, ta wuni tare da ni a kan siminti. Ina wanke mata kwanon ruwa sau biyu a rana, ina share akurki, ina auna ta duk Asabar. A jakar kasuwarki nake saka ta in rataye a ma'aunin da ke bayan ƙofar kicin, in cire nauyin jakar in rubuta. Baba har ya sa mini suna Likitar Kaji.

Ga babban laifin kuma. Kwana uku da tafiyarki na yi wa gidan gagarumar shara. Kin san abin da na karanta, shekara huɗu ana koya mana tsabtar muhalli, kuma tun ina aji biyu tsohon daron nan naki da ke lungun bayan kicin yake tsone mini ido: ya yi tsatsa, gindinsa ya huje, cike da toka da yashi da gashin kaji. Sai na zubar da tokar a bola, na ba mai sayen tsofaffin ƙarafa daron, na wanke lungun da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da'irar tsatsa kawai ta ƙi fita daga simintin. Har daɗi na ji, ina cewa in kin dawo za ki yaba. Murhunki na itace kuma tun da kika tafi ban hura shi ba, a gas nake mana girki, don haka ko cokali ɗaya na toka bai sake taruwa a gidan nan ba.

Ranar wata Laraba, kwana ashirin da shida ke nan, na buga gwangwanin hatsi a jikin ƙofa sau biyu yadda kike yi, kowa ya sheƙo ban da ita. Na same ta tsaye a inuwar tanki, ta ƙudundune, fukafukanta sun sauka kamar wadda ta yafa zanen da ya fi ƙarfinta. Zankonta da ya fara ja ya koma fari-fari. Tana yawan cusa baki cikin gashinta, na ɗauka gyaran jiki take yi. Na ɗauko littafi na bi alamomin cututtukan kaji ɗaya bayan ɗaya. Kashinta ba fari ba, ba kore ba, babu jini. Idonta ba ya ruwa, hancinta a bushe, ba ta minshari, wuyanta bai karkace ba. Na taɓa wurin da abinci ke taruwa a ƙasan wuyanta, bai yi tauri ba. Da na auna ta sai na ga ta sauka daga kilo ɗaya da giram ɗari da hamsin zuwa kilo ɗaya da giram arba'in.

Abin da aka koya mana shi ne a ware marar lafiya daga masu lafiya. Na samo sabon kwali na shimfiɗa jaridu, na sa ta a ciki a ɗakin ajiya, ba na taɓa ta sai da safar hannu. Ranar Juma'a na je wurin mai maganin dabbobi da littafina. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama karanta masa shafi biyu, sannan ya ce duk ya ji, amma ina mai jikin? Ya ce shi bai taɓa yi wa littafi allura ba. Na ce ba zan fito da ita cikin rana ba, kuma ina tsoron kada ta kwashi wata cutar a shagonsa. Ya girgiza kai ya ba ni wani garin magani ruwan ɗorawa na zubawa a ruwan sha, ya ce lalube ne kawai yake yi, in bai yi ba in kawo ta ya gani da idonsa. Kwana biyar na ba ta, ban tsallake ko sau ɗaya ba. A cikin kwanakin nan ne kika kira na ce miki lafiya. Da maganin ya ƙare nauyinta giram ɗari tara ne cif, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa, in na ajiye mata hatsi sai ta tsinci biyu ko uku ta lumshe ido.

Ranar Laraba da ta zagayo Baba ya leƙa kwalin ya daɗe yana kallo. Ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma barin dabba tana wahala har ta zama mushe ba tausayi ba ne. Ya ce ya ba ni kwana uku, in Juma'a ta yi ba ta miƙe ba zai yi abin da ya kamata. Ya zauna a kan turmi ya wasa wuƙar nan mai baƙar ƙota, ina kicin ina jin ƙarar dutsen. Ban yi masa musu ba don na san gaskiya ya faɗa. Amma Inna, ba kazar kaɗai nake ji ba. Gani nake in ta tafi, ranar dawowarki ta tafi da ita, ba ni da sauran abin da zan duba da safe in ce saura kwana kaza. Na san wannan ba tunanin mai ilimi ba ne. Haka dai na ji.

Juma'a ta yi, na wuni ina kallon ƙofa. Da la'asar na ji babur ɗin Baba, sai ga shi ya shigo da Gwaggo a bayansa. Na dubi hannunsa babu wuƙa. Wai ya tafi da ita shago don ya ɗaure ƙotar da ke girgiɗi, ya manto ta a can. Mutumin da bai taɓa manta ko ƙusar agogo ba.

Gwaggo ko mayafi ba ta cire ba ta ce a nuna mata marar lafiyar. Na miƙa mata safar hannu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba tiyata ta zo yi ba. Ta sunkuci 'Yar Saura ta fito da ita haske, ta kifa ta a cinyarta, ta ɗaga fiffike ɗaya ta hura iska cikin gashin da bakinta. Inna, da gashin ya buɗe sai na ga abin da ke cin ta. Ƙananan ƙwari ne launin dusa suna ta gudu a kan fata, ga ƙwayayensu farare sun dunƙule a gindin gashi, musamman wajen ƙarƙashin wutsiya, fatar duk ta yi ja ta yi ɓawo. Ta ce ƙwarƙwatar kaji ce. Ta sa na ɗauko farar takarda, muka je akurki ta goga ta a tsagar sandar da suke kwana a kai, takardar ta fito da ɗigo-ɗigon jini. Ta ce waɗannan kuma ƙuma ne, su suke shanye ta tun kafin in kai ta kwali. Kwana goma ina duba kashi da ido da hanci, ina aunawa ina rubutawa, ban taɓa buɗe gashinta na ga fatarta ba. Gwaggo ta ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa, amma yau ta ga mai dami ta kwana da digiri.

Sai ta miƙe ta nufi lungun bayan kicin da kazar a hammata, ta tsaya turus. Ta tambaya ina daron matar gidan. Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce wannan daron shi ne banɗakin kajin, shi ne kuma asibitinsu, a ciki suke birgima toka ta shiga gashinsu ta kashe ƙwarin. Manyan sun tsira ne don suna samun ƙurar layi, ita kuwa wadda na fi so na tsare ta a kan siminti wata uku babu ko tafin ƙasa, sannan da ta kwanta na ƙara kulle ta a kwali inda ba abin da za ta yi sai tsayuwa ana cin ta. Garin gyaran gira, in ji ta, na kusa tsone ido. Ta ce ke ma da laifinki, shekara talatin kina abu ba ki taɓa buɗe baki kin gaya wa kowa dalili ba, kamar mai tsoron a sace miki sana'a.

A nan ne Baba ya yi gyaran murya ya ce a raba laifin biyu. Ashe yana tsaye a taga ranar da na ba da daron, ya gani ya yi shiru, don shi ma ya daɗe yana so a kawar da shi. Ya ce sau biyu kuka yi cacar baki a kansa tun kafin a haife ni, amsarki ɗaya ce, a bar miki kayanki. Ya ce kada in sa wannan a wasiƙa. Na sa, don in an fara faɗin gaskiya gara a ƙarasa.

To sai neman toka. Gidaje huɗu na shiga a layinmu, uku gas suke amfani da shi, ta huɗun ta zubar da tata da safe. Na ƙarasa gidan burodin ƙarshen layi da bokiti a hannu. Mai burodin ya san ni tun ina zuwa da kayan makaranta. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara da shekaru yana neman wanda zai raba shi da tokar nan, ashe sai an yi karatun jami'a ake gane darajarta. Ya cika mini bokitin da wadda ta huce tun jiya, ta itace zalla, ya ce kullum in zo, ya naɗa ni sarauniyar toka. Na tankaɗe ta da tsohuwar rariya. Gwaggo ta riƙe kazar, ni na dinga cusa tokar da yatsuna, babu safa, ƙarƙashin fukafukai da wuya da gindin wutsiya, muna kare mata ido da hanci. Jikinta ba nauyi, zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna da sauri-sauri. Ita ce rana ta farko da na taɓa ta da fatar hannuna tun da ta kwanta.

Washegari na kai ta wurin mai magani a cikin kwando da rigar Baba a rufe. Ya buɗe gashin ya ce da na kawo ta tun farko da minti ɗaya ya ishe shi. Ya ba ni hodar ƙwari ta kaji, ya ce a yi wa dukkansu har zakara, a maimaita bayan kwana bakwai saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Mun ƙone kwalin da tsohuwar shimfiɗar akurki, na kwarara tafasasshen ruwa a duk wata tsaga, Baba ya sauya sandar kwanan da sabuwa. Ina dafa ƙwai in murmushe mata gwaiduwar da dusa da yankakken ganye. Kwana biyun farko ba ta ko kalle shi ba, a nan ne kika sake kira na sake cewa lafiya, don ban san ta inda zan fara ba. A rana ta uku na buga gwangwani a ƙofa sau biyu, ta ɗago kai ta tako taku huɗu. Na ƙirga.

Da yammar ranar Baba ya dawo da daro ɗaure a bayan babur. Ba sabo ba ne, wai ya zaga kasuwar tsofaffin kaya yana neman namu bai samu ba, ya ɗauko wanda ya fi kama da shi. Da kansa ya huda gindin da ƙusa don ruwan sama ya riƙa tsiyayewa, ya kai shi lungu ya daidaita shi a kan da'irar tsatsar nan da ta ƙi fita, ya ja baya ya duba, ya ƙara matsar da shi kaɗan kamar yana saita agogo. Na zuba toka da yashi. Kwana biyu bayan nan 'Yar Saura ta shiga da kanta, ta kwanta a gefe ɗaya tana watsa toka da ƙafa, ta juya, ta miƙe fiffike, ta lumshe ido a rana. Ni da Baba muka tsaya muna kallo, toka tana sauka a kan wankin da na shanya. Baba ya ce da kina nan da kin ce ba a zuba yashin daidai ba.

Ita ce tambayata ta farko. Na sa toka kashi biyu, yashi kashi ɗaya, amma na tuna naki yana da wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci da nawa ba shi da shi. Gwaggo ta ce busasshen ganyen darbejiya kike murzawa, Baba ya ce a'a, ya taɓa ganin kina zuba wani abu daga ƙullin leda. Me kike sawa, kuma nawa? Duk kwana nawa kike sauyawa? Akwai abubuwa da yawa a gidan nan da sai yanzu nake tsayawa a gabansu. Tsumman da kike ɗaurewa a bakin famfo, dutsen da ke ƙarƙashin ƙafar tanki, kwalbar da kika rataye a ƙofar akurki. Ban sake taɓa ko ɗaya ba. Ina share kewaye da su, ina jiran mai su.

Yau 'Yar Saura makonta ashirin da uku cif. Shekaranjiya nauyinta kilo ɗaya da giram tamanin, ba ta gama mayar da abin da ta rasa ba amma tana kan hanya. Zankonta ya yi ja sosai. Na cire bulon, tana fita layi da uwarta, ni kuma ina tsaye a ƙofa kamar mai raka yaro makaranta. Jiya na gan ta tana shiga bayan buhunan ɗakin ajiya tana fitowa, tana wani ƙananan kuka da ban san ta da shi ba. Gwaggo ta kama ta ta sa yatsu tsakanin ƙasusuwan nan biyu na ƙarƙashin wutsiya, ta ce yatsa biyu sun kusa shiga, ranar da uku suka shiga to a nemi ƙwai. A lissafinta mako biyu ne, in ya yi yawa uku. Ta ce ciwon ne ma ya ja mata baya, don haka in gaya miki kazar ta yi miki kara, saura ke.

Inna, ban ce ki baro Yaya ba tun ba ta warware ba. Na san hannu biyu ba sa isar tagwaye, na san kuma ba yawo ya kai ki ba. In akwai sauran buƙata ki zauna, za mu iya. Sai dai in 'Yar Saura ta riga ki, ba wanda zai taɓa ƙwan. Zan rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir in sa shi a ƙaramar tukunyar ƙasa a gindin randa. Na bincika, a wuri mai sanyi irin wannan ƙwai yana kai kwana ashirin da ɗaya bai lalace ba. Wannan shi ne abin da zan iya ƙara miki a kan alkawarinki, daga nan kuma ba ni da wata dabara.

Ki gaishe mini da Yaya, ki ce mata ta daina ɗaga bokiti, na ji labari. Ki gaida mijinta da mahaifiyarsa, da maƙwabciyar nan da kika ce tana taya ku wanki, Allah ya saka mata. Ki sumbaci tagwaye, ki gaya musu ƙaramar innarsu tana da hotonsu a jikin madubi. Gwaggo tana gaishe ki, ta ce ki zo ki karɓi gidanki kafin 'yan boko su wanke shi ya ƙare. Mai burodi ma ya ce a gaishe ki. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce babu, gaisuwa kawai. Amma yau da safe kafin ya tafi shago na hango shi ta taga, ya kama 'Yar Saura a lungu yana gwada yatsunsa.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Taki har kullum,
Auta